Gyara, La'ada da Ruwa: Yadda Haraji Ya Bi Sawun Bashi a Ƙasar Arewa

A kasuwannin ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, kuɗin da ya shiga hannun mutum yana ɗaukar suna ne gwargwadon dalilin shigarsa. Idan mai gero ta auna tiya ta ƙara tafin hannu guda, wannan gyara ne. Abin da dillali ya karɓa don ya haɗa mai sa da mahauci, la'ada ce. Abin da aka ba yaron da ya kawo saƙon kyauta, tukuici ne. Abin da ya hau kan bashi, ruwa ne. Matar da ta kwashi adashi kuwa ba ta ci riba ba, zubinta ne ya dawo mata a dunƙule. Babu wanda ya yi wayo a kasuwa da zai rikita waɗannan sunaye.

Yau wayar salula ta shigo da irin waɗannan kuɗaɗe cikin sabuwar riga. Manhajar bayar da bashi ko ta aika kuɗi tana ce wa matashi: kawo abokinka, a ba ka kaza, zuba kuɗinka, a mayar maka da wani kaso. Duk ana kiransu kyauta. Malamai da iyaye su ne ake fara tambaya, ko kuma su ne ake fara jawowa ciki. Shin wannan kuɗi kyauta ce da gaske? Hukuma tana da haƙƙi a cikinsa? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ta ƙofar gidajenmu.

Kafin zuwan Nasara

Ƙasar Arewa ta ginu ne a kan iko iri biyu. Akwai masu ƙasa, wato Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji, waɗanda al'adun ƙasa da na damina suke hannunsu. Akwai kuma sarakunan da tarihin baka ya danganta asalinsu da Barno, waɗanda suka yi sarauta a Matankari da sauran garuruwan Dallol Mauri, da gidan Samna a Tibiri. Abin da talaka yake kai wa sarki a wancan zamani dami ne na gero bayan kaka, da gaisuwa, da hannu a aikin gona ko a yaƙi. Fataken da suka ratsa ƙasar su ma suna biyan kuɗin wucewa. Duk wannan ya shafi abin da ido yake gani ne: rumbu, garke, kayan jaki. Rancen da ke tsakanin maƙwabta ba ya cikin lissafin fada. Shaidarsa mutane ne, jinginarsa mutunci ne, kuma idan rigima ta tashi dattawa ne suke kashe ta.

A maƙwabta, inda daular Sakkwato ta shimfiɗa shari'a, malaman Malikiyya sun riga sun yi wa waɗannan kuɗaɗe tankaɗe da rairaya. Ƙarin da aka sharɗanta a kan rance haramun ne. Ƙarin da mai bashi ya yi don ransa ranar biya, ba da sharaɗi ba, ba kuma da wata al'ada da ta zama tilas ba, kyautatawa ce. Ladan dillali halas ne domin aiki ya yi. Hatta zakka an faɗi yadda take bin bashi: wanda ya ba da rance yana fitar da zakkar shekara guda ne a ranar da kuɗin ya dawo hannunsa, idan ya kai nisabi. Arewa ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato da sauƙi ba, ta daɗe tana tare da Kabi wajen turjiya, amma da Musulunci ya yaɗu a cikinta a ƙarni na 20, waɗannan hukunce-hukunce sun zauna a bakin mutane tare da tsoffin sunayen kasuwa.

Lanho ya haifi bashi

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Arewa a cikin da'irar da aka zana kewaye da Sakkwato, sai yarjeniyoyin 1904 da 1906 suka mayar da ita hannun Faransa. A 1906 aka ɗauke mazaunin mulki daga Matankari zuwa Dogon Dutsi. Tare da bariki sai ga lanho.

Lanho ya bambanta da duk abin da aka sani a da ta fuska biyu. Na ɗaya, kai ake ƙirgawa. Ba a tambayar abin da mutum ya samu a shekarar. Gona ta yi ko ba ta yi ba, sunan da ke cikin littafin ƙidaya sai ya biya, dabba kuma a biya mata jangali. Na biyu, da tafiya ta yi tafiya Nasara ya ƙi karɓar wuri da gero, ya ce sai tamma. Manomin da rumbunsa yake cike amma ba shi da kuɗin Faransa dole ya sayar da hatsi a kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, ko ya tura ɗansa cin rani Najeriya ko Gwalkwas, ko ya je wurin mai kuɗi. A nan bashin damina ya yi ƙarfi: a karɓi kuɗi ko hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, a biya da abin da ya fi shi nesa ba kusa ba idan an yi girbi. A wasu sassan ƙasar Hausa sunan da aka ba wannan ciniki shi ne "a ci ba daɗi", kuma sunan ya isa bayani. Wasu gonaki sun tafi jingina ta wannan hanya, wasu iyalai kuma sun tsallaka iyaka cikin dare sun koma ƙasar Kabi.

Shekarar 1931 ta nuna iyakar wannan tsari. Fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, yunwa ta kashe dubban mutane, amma ba a fasa karɓar lanho ba. Bayan wannan masifa aka matsa wa ƙauyuka su gina rumbun tsimi, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin tanadi na gwamnatin mallaka, waɗanda suke karɓar kuɗin shiga tare da lanho, suna ranta wa manomi iri, ya mayar da ƙari a kaka. Wato hukumar da take karɓar haraji ita ce kuma ta zama mai ba da bashi.

Akwai wani abu a nan da ya kamata malamin tarihi ya nuna wa ɗalibansa. Ruwan da mai kuɗi yake ci a ƙauye, da la'adar da dillali yake karɓa a ƙarƙashin inuwa, kumandan bai gan su ba, bai kuma damu da su ba. Wanda ya ci bashi da wanda ya ba shi, lanhonsu ɗaya ne. La'adar da aka rubuta a takarda a wancan zamani guda ce: kason da ake ba sarakunan gargajiya daga harajin da suka tara. Mai tarawa yana samu gwargwadon yawan kawunan da ya kawo. Arawa sun san tun daga lokacin cewa idan ladan mutum ya rataya a kan yawan waɗanda ya jawo, to ba lallai ne alherinsu ya dame shi ba.

Rarar gyaɗa da asusun mata

Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar bashi da ƙungiyoyin manoma, UNCC, a 1962, da kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa a wannan shekarar. A tsakiyar shekarun 1960 aka shigo da wani tsari a yankunan gyaɗa wanda ya yi kama da abin da manhajoji suke tallatawa yau. Manomi ya kai gyaɗarsa kasuwar ƙungiya, a biya shi farashin da gwamnati ta yanka. Idan an rufe kaka aka ga rara, sai a mayar wa ƙauye kasonsa gwargwadon abin da ya kawo. Amma kafin a raba, sai an cire bashin iri da na taki da wasu 'yan ƙauyen suka kasa biya. Rarar ta zama jinginar kowa da kowa. Wannan kuɗi da ake mayarwa ba kyauta ba ce daga gwamnati. Cikon farashin gyaɗar manomi ne da aka riƙe, aka ba shi daga baya. Manoma sun gane haka sarai, shi ya sa suke tsayawa a kan sikeli suna sa ido.

Farin shekarun 1970 ya karya gyaɗa. A zamanin Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, aka soke jangali da lanhon kai na ƙasa, aka bar kuɗin gunduma. Shi ne ya rikiɗe ya zama harajin da ma'aikatun magajin gari suke karɓa tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, a Matankari da Kyeshe da Dankasari, da kuma Geceme da Dumega da Kore Mairuwa waɗanda suka koma ƙarƙashin Tibiri da aka ɗaga ta ta zama gunduma a 2011. Har yanzu kai yake ƙirgawa, har yanzu kuma masu gari ne suke tara shi.

Bankunan gwamnati ba su kai labari ba. Asusun bashin manoma na ƙasa, CNCA, ya durƙushe a shekarun 1980, bankin raya ƙasa na BDRN ya bi shi a 1990. Mutane suka koma ga abin da suka sani: adashi, da rance a hannun ɗan kasuwa, da ɗan'uwan da ke cin rani. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata suna haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ranta wa mai bukata a cikinsu, ta mayar da ɗan ƙari, a ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Wannan shi ne bashin mutum da mutum na ainihi, ba banki a tsakani, kuma daga Nijar ya yaɗu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya.

A wannan zamani ne doka ta fara magana a fili game da harajin ƙananan basussuka. Dokar da ƙasashen kuɗin sefa na Afirka ta Yamma suka tsara wa asusun adashi da bashi na haɗin gwiwa a shekarun 1990 ta yafe musu haraji a kan aikin tara ajiya da bayar da bashi, ta kuma yafe wa mambobinsu haraji a kan abin da ajiyarsu ta haifa. Hujjar a bayyane take: masu zubawa su ne masu ranta, su ne kuma masu raba rara. Amma wannan sassauci na asusun da ya yi rajista ne, ya karɓi izinin hukuma. Ba ya bin duk wanda ya buɗe shafi a intanet ya kira kansa ƙungiyar taimakon juna.

Da waya ta shigo tsakani

A 2005 aka buɗe kamfanin Zopa a Ingila, a 2006 kuma Prosper a Amurka. Aikinsu a lokacin shi ne haɗa mai rarar kuɗi da mai neman bashi ta intanet, su ɗauki kamashonsu. Dillalai ne, sai dai rumfarsu kwamfuta ce. Don su jawo jama'a suka riƙa ba da kuɗi iri biyu: ladan wanda ya kawo sabon mutum, da wani kaso da ake mayar wa wanda ya zuba kuɗinsa. Nan take tambayar haraji ta taso, domin a waɗannan ƙasashe samu ake ƙirgawa, kuma komai yana rubuce.

Hukumomin harajinsu ba su tsaya a kan sunan da kamfani ya ba kuɗin ba. Dalilinsa suka duba. Ruwan da mai ba da bashi ya samu, samu ne, ana biyan haraji a kansa. Kuɗin da aka mayar wa mai saye daga abin da ya kashe da hannunsa, a Amurka ana ɗaukarsa ragin farashi ne, ba sabon samu ba. Hukumar harajin Ingila ma ta fitar da bayani a 1997 da ya bi wannan hanya ga mai saye na yau da kullum. Ladan kawo mutum kuwa ya fi kusa da ladan aiki, don haka yana iya shiga lissafin haraji, musamman idan mutum ya mayar da shi sana'a. Inda aka fi ja-in-ja shi ne kason da ake ba mai zuba kuɗi don ya ranta: bai sayi komai ba balle a ce an rage masa farashi, saboda haka ana tambaya ko ruwa ne aka sauya wa suna.

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar dabbobi zai gane wannan rabe-rabe ba tare da an kira masa lauya ba. Na farko ruwa ne, na biyu gyara, na uku la'ada. Na huɗun shi ne abin da malamanmu suka daɗe suna gargaɗi a kai, wato ƙarin da aka sharɗanta tun kafin a ba da rance, ko da an naɗe shi da sunan kyauta.

A Nijar ma harajin ƙasa ya daɗe da barin ƙirga kai kaɗai. Kundin harajin da aka tattara a 2012 ya kasa samu kashi-kashi: albashi da nasa harajin, wanda malamin makaranta yake ganin an cire tun kafin kuɗi su iso hannunsa, ribar kasuwanci da nata, abin da kuɗin da aka ranta ko aka ajiye suka haifa da nasa, ƙananan 'yan kasuwa kuma suna biyan haraji a dunƙule, wanda ya gaji fatanti. A ƙa'ida, wanda ya mayar da kawo wa kamfani mutane aikinsa na kullum, dillali ne, kuma dillanci sana'a ce. Abin da ya sauya shi ne gani. Tun wajen 2010 da aika kuɗi ta salula ya fara yaɗuwa, da kuma bunƙasar kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, dala biyar ɗin da a da take wucewa daga hannu zuwa aljihu yanzu tana barin sawu: lamba, rana, adadi. La'adar da ta ɓuya wa kumandan ba ta da wurin ɓuya a cikin waya.

Akwai kuma shingen doka da ya kamata kowane uba ya sani. A ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, a farkon 2014 an ƙayyade iyakar ruwan bashi: kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Karɓar ajiyar jama'a ko ba su bashi a matsayin sana'a kuma sai da izinin hukuma. Wanda ya yi alkawarin ribar da ta ninka wannan sau da yawa, daga ina zai samo ta?

Maƙwabtanmu sun ga amsar. Tsarin MMM, wanda wani Barashe mai suna Sergei Mavrodi ya ƙirƙira, ya shiga Najeriya da sunan taimakon juna tsakanin mutum da mutum. Ya yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, da kashi 10 ga wanda ya kawo sabon mai zubi. A watan Disamba na 2016 aka rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar bankuna ta Najeriya ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar naira biliyan 18. Babu gona a bayan tsarin, babu shago, babu mai bashin da yake sana'a yana biya. Kuɗin na baya ake ba na gaba. La'adar da mutum ya ci a ciki kuɗin ƙaninsa ne ko na abokin aikinsa da ya amince da shi. Tsakanin kasuwanninmu da na jihohin Kabi da Sakkwato tafiyar babur ce, saƙon WhatsApp kuwa ba ya tsayawa a duwan.

Abin da ya rage ga aji da gida

Malamin kwantaragi da albashinsa ya yi jinkiri, ko uwar da kuɗin makaranta suka tsaya mata a wuya, ba abin zargi ba ne idan tallan kyautar jika biyu ya ja hankalinsu. Amma malami yana da abin da kamfani yake nema fiye da kuɗinsa, wato amanar iyayen yara. Idan mushe ya tura saƙo, mutum goma za su shiga ba tare da tambaya ba. Dillalin kasuwa ya san cewa idan saniyar da ya tsaya wa ta zama ta sata, shi za a fara kamawa. La'ada tana tafe da alhaki, kuma wannan bai sauya ba don ciniki ya koma waya.

Ana iya koyar da wannan a darasin lissafi na ajin ƙarshe na firamare. A ce wani ya ranci jika 50, zai mayar da jika 55 bayan wata guda, an kuma ce za a mayar masa da jika guda idan ya biya a kan lokaci. Yara su gano cewa ruwan jika 4 ne a wata, kashi 8 cikin ɗari, wanda ya kai kashi 96 a shekara, ninki huɗu na iyakar da doka ta yanka wa ƙananan asusu. Jika gudan da aka kira kyauta daga aljihunsa ta fito. Sannan a tambaye su: idan an ba wanda ya kawo shi jika biyu, wa ya biya ta?

A gida kuma, duk kuɗin da ya faɗo cikin wayar yaro da sunan kyauta, a zauna da shi a sa masa sunansa na Hausa. Idan ragi ne daga abin da ya saya, gyara ne, ba samu ba ne. Idan don ya kawo wani ne, la'ada ce; ya rubuta ta a littafi da rana da adadi, domin idan ta zama sana'a ofishin haraji yana da magana a kai, kuma wanda aka kawo yana da haƙƙin sanin cewa an ci lada a kansa. Idan ƙari ne a kan kuɗin da ya ranta, ruwa ne, a kai maganar gaban malamin da aka yarda da iliminsa. Idan kuwa an rasa sunan da ya dace da shi, aka kuma rasa sana'ar da ta haife shi, a hana yaron tura saƙon ga kowa har sai an ga takardar izinin kamfanin.